Wayar da Ka Ɗaura, Yaya Abdulshakur

Shekara huɗu ke nan rabona da Sakkwato. Ina nan Fatakwal ina gyaran ɗakunan sanyi na 'yan kifi, sai ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu, ƙanenka Bashar ya kira ni ya ce Allah ya yi maka cikawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce kwamfuresa, wato injin ɗakin sanyin mahauta, ce ta fashe kana tsugune a gabanta, mai da wuta suka watso maka, ba ka kai la'asar ba.

Na ce masa ba zai yiwu ba. Injin da kai ka haɗa ba ya kaiwa ga fashewa. Da iskar gas ta matsu fiye da kima, makari zai yanke wuta, jar fitila ta kama, ƙararrawa ta tashi unguwa. Bashar ya ce da aka buɗe akwatin wuta an tarar da guntuwar jar waya an tsallake makarin da ita. Na tambayi wane mugu ne ya yi haka. Ya ce ɗaurin hannunka ne, kowa ya san yadda kake murɗa waya.

Yaya, ka ci amanata.

Kai ka koya mini wannan aiki a shagonka na Gidan Igwai. Ran da na tsallake makari don in burge wani mai shagon lemo, a gabansa ka fizge wayar ka ce, "In ƙararrawa ta yi kuka ka nemi abin da as sa ta. Kak ka rufe mata baki, ko uban wa yac ce." Ran da zan taho, a tasha, ba ka ce in riƙa kiranka ba, ba ka ce in yi aure ba. Alkawari ɗaya ka karɓa a hannuna, cewa ba zan ƙara tsallake makari ba, na ba ka, ka ba ni irinsa. Saboda shi na rasa aiki sau biyu a garin nan. Wani maigidan ya kira ni malalaci a gaban ma'aikatansa, na haɗiye, don ina tuna fuskarka.

Amma ba zan zalunce ka ba. Bashar ya ce fankar da ke fitar da zafi ta lalace, sabuwa sai daga Kano, ga zafin bazara, ga naman shanu rataye na mutanen da kuka tashi tare a Ƙofar Taramniya. Sun tsaya a kanka suna cewa, "Shakuru, yini guda dai, ka rufa muna asiri." Na san ka. Ba ka taɓa iya kallon idon mai roƙo ba. Kai ne ka bar walimar sunan ɗiyarka ka tafi gyara firjin wata tsohuwa mai sayar da ƙanƙara a Gawon Nama, ka dawo da zoɓo a leda kana dariya, wai shi ne ladan aiki. Wannan tausayin ne ya ɗaura wayar. Sanin haka bai rage mini zafi ba.

An ce a wurin jana'iza liman ya roƙi duk wanda ka saɓa wa ya yafe maka. Ban samu halarta ba, kuma da na halarta, ban san abin da zan ce a ranar ba. Yau na ce: na yafe maka, duniya da lahira. Nawa alkawarin ina nan riƙe da shi.

Bashar, kada a kunna injin nan sai an mayar da makarinsa, kuma a duba sauran ɗakunan da Yaya yake kula da su.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya kabarinka, ya sa tausayinka ya rinjayi kuskurenka. Allah ya ba matarka Jamilatu da 'ya'yanka da Inna haƙurin rashinka.

Na duba abin da na iya adanawa naka: hoto ɗaya, sukuddireba mai jan kai da ka ba ni a tasha, da saƙon murya uku. A na ƙarshen kana tambayata ko ina nan kan maganarmu.

Abdulrasheed Gambo, Fatakwal