Etelka Néni, Mai Sarin Bulon da Ya Saki

Kafin mai gadi ya gama shayinsa na safe, Etelka néni, wato Gwaggo Etelka, ta riga ta sauko daga bas a ƙofar asibitin unguwarmu ta Kőbánya, tana jan jakar cefane mai taya. Jakar na ƙara kacau-kacau, amma tuni mai gadin ya daina tambayar abin da ke ciki. Takan gangara ɗakin wanki ta fara da aikin da ake biyan ta: zannuwan gado, tawul, rigunan majinyata. Sai ta ga bayan waɗannan take buɗe jakar, ta juye 'yan bulon roba na wasan yara a tsofaffin rigunan filo, ta ɗaure bakinsu, ta wanke su da ruwa mai ɗumi, don mai zafi lanƙwasa su yake yi. Ta baza su a kan zane su sha iska, sannan ta zauna ta ci burodinta da jan tattasai.

Wannan watan ta ajiye aiki. Ba a sa hotonta a jarida ba, ba kuma za a sa ba, shi ya sa na ce bari ni in yi magana. Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce. 'Yar majinyaci ce, kuma abin da na gani da idona zan faɗa.

Sashen da take wa wanki na masu shanyewar ɓarin jiki ne, yawancinsu dattawa. Mai yi musu gashi da motsa jiki, Boglárka, ta daɗe da gano cewa ƙwallon roba da ake ba su su matsa ba ya aiki, don dattijo zai matsa kaɗan ya ce ya gaji, ya tura shi ƙarƙashin filo. Amma in ka zuba masa bulo a faranti, sai ka ga yatsun sun shiga lalube, yana haɗawa yana cirewa har abincinsa ya huce. Matsalar ita ce tsada. Sabon kwali ɗaya a kanti ya fi ƙarfin cefanen talaka na mako, ga shi sashen bokiti-bokiti yake bukata. Boglárka ta yi wannan ƙorafin a gaban mai wanki, ba don tana sa ran komai ba. Etelka ta ce a ba ta lokaci.

Ai kuwa ta mai da abin sana'a. Ba ta sayen bulo in Kirsimeti ya gabato, ta ce lokacin ko na bola sai ya yi fiffike. Sai ƙarshen bazara take fita, sa'ad da iyaye mata ke share ɗakunan yaran da suka girma. Kasuwar gwanjo kuwa ba ta zuwa da sassafe kamar kowa. Sai rana ta yi, kasuwa ta fara watsewa, mai kaya ya dubi buhunsa ya tuna zai sake ɗaukar shi zuwa mota, lokacin take tayawa, kuma a kilo take tayawa, a cakuɗe, ba a tsince ba. Akwai wasu samari 'yan kwalisa masu tara 'yan mutum-mutumin da ke zuwa cikin bulon. Ta haɗa kai da su, su sayi buhu tare, su tsince 'yan mutanensu su tafi suna murna, ita ta kwashe sauran. Kowa a cikinsu gani yake shi ya ci riba.

Babbar kakar kasuwarta ita ce ranar fitar da tarkace, in layin wata unguwa ya zo, kowane gida ya jibge abin da ya gaji da shi a bakin titi. A nan ta san Zsiga, ɗan jari-bola mai tsohuwar motar kaya da baki kamar reza. Shi yakan tsinci labule da shimfiɗun tebur masu kyau amma sun yi dauɗa. Ita ta wanke su a gidanta ta goge, ya sayar da daraja, shi kuma duk bulon da ya faɗo hannunsa ya ajiye mata. Har yau in sun haɗu sai ya ce mata ta cuce shi, ita ta ce masa ya fara wanke wuyansa tukun sannan su yi maganar cuta.

Ke ce, Etelka néni, kika lura da abin da 'yan kasuwa ke zubarwa. Bulon da ya sha hannun yara shekara da shekaru yakan saki, ba ya kamawa da ƙarfi, mai saye kuma ba ya son shi. Ke kika ga cewa hannun da ciwo ya taɓa ba abin da yake nema sai shi. Daga nan kika daina ware su da launi, kika koma ware su da kamu: masu saki a bokiti ɗaya, masu ɗan ƙarfi a na biyu, masu cizo a na ƙarshe. Boglárka ta gani ta rungume ki, har ta jiƙe gaban rigarta da kumfa.

Yanzu bari in zo kan mahaifina. Vendel sunansa, mu Apu muke ce masa. Wanzami ne, ya yi rayuwarsa da almakashi a hannun dama, kuma hannun daman nan ciwon ya ɗauke. Tun rasuwar mahaifiyarmu shi kaɗai yake zaune a gidansu na bene. Likita ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in lokacin sallama ya yi, za a gwada shi a ɗan kicin ɗin sashen. In ya iya murɗa makulli, ya kunna gas ya kashe, ya ɓalle maɓallin rigarsa, gida zai koma. In bai iya ba, sai gidan tsofaffi. Ni ɗaki ɗaya gare ni da yara biyu, ko kujerarsa ba ni da inda zan sa. Abin ya hana ni ci, ya hana ni sukuni.

Shi kuwa Apu, da aka kawo masa farantin bulo, ya ce shi ya yi wa manyan mutane aski, ba za a mai da shi ɗan raino ba. Da ƙyar Boglárka ta lallashe shi ya fara taɓawa. Ana cikin haka sai ƙanena Kornél ya iso daga Vienna inda yake aiki. Ya ga ubansa da tsofaffin bulo masu koɗaɗɗen launi, ransa ya ɓaci, ya ce ubansa ba zai yi wasa da kayan bola ba. Ya fita ya dawo da sabon kwali dal, ƙato, mai hoton jirgin ruwa. Allah ya sani don ƙauna ya yi.

Sabon bulo kuwa cizo gare shi. Apu ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya danna, ya ƙi shiga. Kornél ya haɗa masa ya ce to ya cire. Ya ja, ya ja, gumi ya keto masa, ɗansa na tsaye a kansa yana cewa saura kaɗan. Ƙarshe ya sa hannun hagu ya yi fatali da farantin. Ya juya fuska bango ya ce, "Ku kira gidan tsofaffin. Kada ku ɓata wa kanku lokaci." Na fita baranda na yi kuka mai isata, kuma gaskiya a ranar da na sami Kornél shi kaɗai da ya ji a jikinsa.

Kwanaki suka wuce bai taɓa komai ba. Boglárka ta roƙa, na roƙa, ya yi kunnen uwar shegu da mu. Ta ce min a gefe yanzu ko bokitin masu saki ya yi masa ƙarfi, don hannun ya ja baya da zaman banza, kuma waɗanda suka fi su saki ba su da su. Etelka na naɗe zannuwa a kusa, tana ji.

Ashe ranar Asabar ɗin makon ta tashi takanas ta tafi filin da Zsiga ke tara kaya, ana yayyafi. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ta ƙi kallon buhunan da ya ajiye mata, ta ce na ƙasa take so, waɗanda shi da kansa ya ware zai kai wa masu narka roba. Ya ce mata tsufa ya fara taɓa ta. Ta ce eh, ya buɗe dai. Ta sa shi ya buga wa abokan sana'arsa waya, suka bi rumfa-rumfa suna kwashe abin da kowa ya raina, har suka cika buhu. Da ta zo biya ya ce ta rufa masa asiri, in aka ji ya sayar da wannan za a yi masa dariya a kasuwa. Ya sa mata a mota ya kai ta har ƙofar gida.

Ranar Litinin ina zaune gefen gadon Apu ta shigo da bokiti, ta dire a kan teburinsa kamar ba ta san ana fushi a ɗakin ba. Ba ta ce masa sannu ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba.

"Vendel bácsi, kawuna, aiki na kawo maka. Akwai wata mata a ɗakin ƙarshe, hannunta ya fi naka mutuwa. Ina so in ware mata waɗanda suka fi saki, na kasa. Dubi hannun nan nawa, shekara nawa yana matse zane. Komai na taɓa sai in ji ya saki. Hannu mai rauni nake nema, kuma ban da nata, a sashen nan ban ga wanda ya kai naka ba."

Na ce shi ke nan, yau za a yi ta. Apu ya juyo ya ƙare mata kallo ya ce, "Wato sarauniyar sabulu, zagina kika zo yi har gado?"

Ta ce, "Zagi kyauta ne, aiki nake so. Wanda ya ciru ka sa a dama, wanda ya ƙi ka sa a hagu. Zan dawo da yamma." Ta kwashi zannuwanta ta fice.

Ya daɗe yana harar bokitin. Can ya ce min in matso da shi, ba don komai ba, don kada matar nan ta dawo ta cika masa kunne. Ya ɗauki biyu a haɗe ya ja, sai suka rabu. Ya dube su, ya dube ni, ya sa a dama ya ɗauki wasu. Da yamma ta dawo ta duba aikin, ta ce ba laifi, amma yana da nawa. Ya ce gobe ta zo ta gani.

Matar ɗakin ƙarshe da gaske take, ba ƙirƙirar ta aka yi ba, kuma bulon da Apu ya ware su aka kai mata. Wannan ne ya riƙe shi. Kullum sai ya tambaya ko ta iya, in an ce ta iya sai ya gyara zama. Etelka ta ci gaba da kawo bokiti, shi kuma tulin dama ya yi ta girma, har wata rana ya yi ƙorafi wai an daina kawo masa masu ƙi, ko an raina shi ne. Boglárka ta juya baya tana dariya, ta ɗauko masa bokiti na biyu.

Ranar gwaji ban iya shiga ba, a bakin ƙofa na tsaya. Na ji ƙarar makulli, na ji gas ya kama ya mutu, sai shiru mai tsawo, don maɓallan riga sun ba shi wuya. Da aka buɗe ƙofar ya fito, maɓalli ɗaya a ramin da ba nasa ba, amma duk a ɓalle. Likita ta ce gida. Kornél ya yi ta kuka a waya har na ji tausayinsa na yafe masa.

Etelka néni, ke ce mai ganin amfanin abin da aka yar. Ba ki taɓa ba kowa magani ba, amma gidaje da yawa a unguwar nan ana kunna fitila a cikinsu yau saboda jakarki mai kacau-kacau. Na gode, mahaifina ya gode, matar ɗakin ƙarshe ma da ta koma wurin mijinta ta ce in isar da tata. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki gwiwoyinki.

Ku kuma masu karatu, aikin bai ƙare ba don ta tafi. Boglárka na nan, bokitan na nan. Ku leƙa saman kabad da ƙarƙashin gado. Bulon da yaranku suka gama da shi, kada ku tsince masu kyau ku zubar da sauran, ku kawo duka, musamman waɗanda kuke jin kunyar bayarwa. Wanda ke da ƙafa da bakin ciniki kuma, kasuwar gwanjo na jiran wanda zai gaje ta.

An yi wa Etelka ɗan bikin ban kwana a ɗakin cin abincin sashen, da kek da lemo. Ana tsaka da ci sai ga Apu, shi kaɗai ya hawo bas ya zo, ya sha aski, riƙe da kwalbar kokwamba mai tsami da ya haɗa a kicin ɗinsa. Ya miƙa mata ya ce ta buɗe a ɗanɗana. Ta murɗa murfin ya ƙi. Ta sa gefen rigarta ta sake, ya ƙi. Mai gadi ya gwada, Zsiga ya gwada har ya ce wane mugu ne ya rufe wannan.

Apu ya ce, "Ni na rufe. Kawo."

Ya karɓa da hannun dama ya buɗe mata.