Ragowar Magani a Famfon Feshi

Mun tashi da asuba daga Zuru, ni da Mama, za mu ƙauyenmu da ke gaba da Mahuta. Kawu ne, ƙanen Mama, ya bugo waya cewa dawarmu ta fara yin ruwan ɗorawa bayan feshi. Baba soja ne, yana can nesa wurin aiki, kuma wannan gonar ce ke cika mana rumbu duk shekara.

Kafin tafiyar mun je shagon wani Inyamuri mai sayar da maganin gona. Ya ce wa Mama maganin ciyawa iri-iri ne. Akwai mai zaɓe, wanda ke kashe ciyawa ya bar dawa. Akwai na share fage, wanda ba ruwansa da kowa, shi ma kashi biyu ne: mai ƙuna, da mai bin saiwa. "Madam, in mai ƙuna ne, ganye kawai ya ci, dawa za ta iya tohowa. In mai bin saiwa ne, sai haƙuri. Ki ja zuciyar dawar ki gani." Ina bayan Mama, na riƙe kalmomin.

Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara. An cusa mu baya tare da wata mata da akuyarta, akuyar ta yi ta tauna bakin ɗankwalina. Hanya duk ramuka cike da jan ruwa. Duwatsu sun yi kore shar. A gefen titi na ga samari da famfon feshi a goye, ba takalmi, ba abin rufe hanci. A Mahuta Mama ta saya mini ƙosai, ita ba ta ci ba. Daga nan muka hau babur.

Tun daga nesa na gane gonarmu. Gonakin maƙwabta kore, tamu kuwa kamar tsohuwar tabarma a tsakiyarsu. Ba ƙarar fara, ba komai. Har ciyawar ƙiri-ƙiri, da Kawu ke cewa ba ta jin magani, ta kwanta.

Kawu ya rantse mai zaɓe ya saya, ya ma nuna kwalbar. Sai a hankali zancen ya fito. A ƙauyenmu ba a mayar da kayan aro fanko. In ka ari kwano, ka sa ko gyaɗa ce a ciki. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ari famfonmu ya share sabon fili, da zai dawo da shi ya bar rabin magani a ciki don godiya. Kawu ya ji daɗi, ya ƙara nasa a kai, ya cika da ruwa, ya feshe dawa.

Aka kira dattijon. Ya zo da hularsa a hannu.

"Baba, wane iri ne ka bari a ciki?" in ji Mama.

"'Yata, mai kyau ne. Mai tsadar. Wanda in ya taɓa ciyawar tofa ba ta sake tashi. Da na ba ku na banza, gara ban ba ku ba."

Mama ta shiga cikin dawar. Ta sunkuya ta kama zuciyar wata dawa. Ba ta ma ja da ƙarfi ba ta fito, ƙasanta ya yi baƙi, yana wari kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta matsa gaba ta ja wata. Na bi ta kunya kunya ina jan nawa, ina fatan ɗaya ta ƙi fitowa. Har bakin rafi muka kai, babu wadda ta ƙi.

"Yaya, a sake shuka," in ji Kawu, murya ƙasa ƙasa.

"Dawa a wannan watan? Da wane ruwan za ta nuna?"

Dattijon ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hula. Ba wanda ya zage shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan: babu wanda za a yi fushi da shi.

Da za mu tafi, matarsa ta biyo mu da ƙwan zabi a ƙwarya. Mama ta karɓa, ta juye, ta tsaya tana kallon ƙwaryar. Sannan ta kwance ƙosan da na rage ta sa a ciki ta miƙa mata.

Mun iso Zuru da yamma. Ƙannena suka tarye mu suna tambayar ko dawa ta kai tsayinsu. Mama ta wuce ta leƙa rumbu, ta daɗe, ta fito ta ce daga yau tuwo sai dare.

Na koyi sunayen magani a wannan tafiya, na kuma koyi cewa famfon feshi a wanke ake mayar da shi. Amma har yanzu Mama ba ta kira Baba ba. Wayar tana kan taga, kowa na kewaye ta.