Hancin Soazig

A garinmu na masunta, can gaɓar teku a yankin Bretagne, ba a ambaton Soazig Kervella ba a haɗa da hancinta ba. Tun tana yarinya a rumfar kifin uwarta takan tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Inna, kwandon can na ƙarshe ya kwana," a buɗe a tarar haka ne. Ta girma ta gaji rumfar, ta auri Armel mai kamun ƙaguwa, ta haifi 'ya'ya mata biyu da suka yi aure a birni. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga baki. Masunta na shakkarta, don in ta sunkuya kan kwandonka ta yatsina fuska, sai dai ka kai wa kyanwa.

Mutum ɗaya ke iya ja da ita, Tugdual ƙanin mijinta. "Matar yaya," yakan ce, "wannan hanci naki, da a jikin kare yake da tuni 'yan sanda sun ɗauke shi aiki."

"Da kai zan fara kamowa," in ji ta. "Warin safarka kaɗai ya isa ɗauri."

Ta ɗan haura hamsin lokacin da wani jirgin ruwan dakon man fetur ya dare gida biyu cikin guguwa kusa da gaɓarmu, a ƙarshen hunturu. Man, baƙi ƙirin, ya kwanta kan duwatsun gaɓa, da kauri kamar kwalta. Kowa ya fito da shebur da bokiti. Aka raba takunkumi da safar hannu. Soazig ta sa safar, ta cusa takunkumin a aljihu. "Ni da na tashi cikin ƙarnin kifi, wannan ne zai kayar da ni?" Har dariya ta riƙa yi wa ɗaliban da suka zo taimako daga birni, wai sun yi kama da 'yan fashi. Ta yi makonni tana kankare duwatsu, tana komawa gida da ciwon kai da jan ido.

Ciwon kan ya tafi. Abin da ya tafi tare da shi ba ta lura ba, sai wata safiya tana suyar fanke, ta juya baya tana yanka burodi, Armel ya faɗo kicin yana tari. "Ke! Gidan za ki ƙona mana?" Hayaƙi ya turnuƙe a bayanta, ita ba ta ji komai ba. Da ya fita ta bi gidan tana shinshinawa: garin kofi, albasa, sabulu, rigar aikinsa. Duk ɗaya, kamar ruwa. Ta ce mura ce. Murar ta ƙi ƙarewa, ita kuma ba ta gaya wa kowa ba, har shi.

Hukuma ta hana kamun ƙaguwa a gaɓar baki ɗaya. Da watanni suka ja, aka ce za a riƙa buɗe wuraren ɗaya bayan ɗaya. Za a auna naman a ɗakin gwaji, sannan a dafa a ajiye gaban wasu mutane su shinshina, don ko gwaji ya wanke ƙaguwa, in tana warin mai ba mai saye. Aka ce ƙungiyar masunta ta ba da mutum ɗaya. Tugdual ne ya miƙe a taron. "Muna da hanci a gida, sai mu tafi aro?" Aka ɗauki tafi. Soazig ta buɗe baki, ta dubi fuskokin nan, ta rufe.

Ta koyi dabara. Takan daɗe sunkuye kan kwano tana satar kallon sauran, ta ga wanda ya yamutsa fuska, sannan ta yi magana daga ƙarshe. Mutane suka ɗauka natsuwar gwanaye ce. Ita kuwa takan koma gida rigarta sharkaf da gumi, cikin sanyin nan.

Dab da Kirsimeti, lokacin da ƙaguwa ke tsada, aka kawo ƙaguwar bayan tsibiri, inda Tugdual ke zuba tarkunansa. Gwaji ya ce lafiya lau. Ranar, Madam Riou mai shugabantar zaman ta turo mata kwanon. "Yau ke za ki fara, Madam Kervella. Kullum mu muke riga ki."

Soazig ta sunkuya. Tururi ya bugi fuskarta, ɗumi kawai. Ta tuna yaran da za su ci naman nan ranar biki. In ta ce lafiya, alhali da mai fa? Ta ɗago ta ce, "Akwai shi. Can ƙasa-ƙasa."

Sauran suka sake sunkuyawa. Ɗaya ya ce shi dai bai ji ba, amma wa zai musa wa Soazig? Wata ta ce kamar ta ɗan ji. Aka bar wurin a rufe har hunturu ya fita.

Tugdual bai yi fushi ba, wannan ne ya fi ci mata rai. Ya zo rumfa ya jingina da tebur. "Matar yaya, kin yanka ni, amma gara ke da baƙo. In kin ce akwai, to akwai." Mutanen jirginsa suka watse neman aiki a wasu garuruwa. Ya ɗaure jirgin, daga baya ya sayar, ya koma tuƙin motar kaya. A coci mata na nuna ta, wai ga wadda ba ta duba ɗan'uwa ba a kan gaskiya. Ta daina zama layin gaba. Ta daina zuwa cin abincin Lahadi gidan Tugdual, ta ce ƙafa ke damunta.

Shekaru suka wuce kafin a fara shari'a da masu jirgin man. Lauyan garin ya tara duk wanda ya yi aikin kwasar mai don likita ya duba su, masu tari da masu ƙuraje da masu fuka. Soazig ta je don kada a ce ba ta je ba. Likitan ya riƙa miƙo mata ƙananan kwalabe yana tambayar me ta ji. Nan babu fuskar da za ta sata. Ya ajiye kwalbar ƙarshe, ya dube ta. "Tun yaushe?"

Lauyan kuwa har da tafa hannu. "Madam, ke ce babbar shaidarmu! Macen da hancinta ne sana'arta!" Ya ce za a rantsar da ita, za a tambayi lokaci. In ta matsar da lokacin gaba, za a ce ba mai ne ya jawo ba, ƙarar masu ciwo ta yi rauni.

Ta gaya wa Armel komai suna cin abincin rana. Ya ajiye cokali, ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Ƙanina fa, Soazig," ya ce.

Rabin garin ya cika mota zuwa kotu. Lauyan masu jirgi ya yi mata tambayar cikin ladabi. "Wato lokacin da kike zaman shinshina ƙaguwa, ba kya jin komai?"

"Ba na ji."

"To da me kika yanke hukunci a kan ƙaguwar bayan tsibiri?"

"Da tsoro."

Ba ta waiwaya ba. Ta dai ji an ja kujera a baya, wajen da Tugdual ke zaune, ƙofa ta buɗe ta rufe.

Masu ciwo da yawa sun sami diyya, kuma shaidarta ta taimaka. Amma da aka zo kan ƙarar da Tugdual ya shigar ta asarar sana'arsa, lauyoyin suka ɗauko maganarta suka ce ba mai ne ya rufe masa wurin kamu a wannan hunturun ba, bakin matar yayansa ne. Kotu ta yarda da su.

Soazig ta bar wa wata 'yar ƙanwarta rumfar. Ba wanda ya zage ta a gari. Da an zage ta ma da ta fi samun sauƙi. Tugdual na gaishe ta in sun haɗu, gaisuwar da ake yi wa matar da aka sani daga nesa. Da Armel ya rasu, ranar jana'izarsa sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya dubi wani.

Yanzu ita kaɗai ce a gidan. Duk ranar kasuwa Enora, matar Tugdual, takan shigo ba doguwar gaisuwa, ta buɗe firji, ta shinshina madara da nama da sauran miya, ta zubar da abin da ya lalace, ta duba murhun gas. Soazig na zaune tana kallon bayanta. Ko mijinta ke aiko ta, ko a ɓoye take zuwa, Soazig ba ta taɓa samun bakin tambaya ba.