Mai Juya Furotin a Tashar Poznań

A ɗakin cin abinci na tashar jirgin ƙasa, Jadwiga tana goge tebura tana satar kallon wani baƙo. Furfura ta cinye gemunsa, kwat ɗinsa ya koɗe a gwiwar hannu, idanunsa jawur. A ranta ta ce, irin mazan nan ne da aka gaji da jiransu a gida.

Wani hoto yake juyawa a kwamfutarsa, kamar zaren da ya cukurkuɗe. Ya auna tsakanin ɗigo biyu, ya ja tsaki, ya sake aunawa.

"Malam, miyarka ta huce. Wannan taliyar ta cikin kwamfuta ce ta hana ka ci?"

"Hoton sinadarin furotin ne da nake bincike a kai, baiwar Allah," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ƙwayoyin nan biyu, na yi ta bugun ƙirji cewa suna taɓa juna. Sabon awo ya ce ko kusa."

"To, sai me? Wani ya mutu?"

Ya rufe kwamfutar a hankali, ya murza idanunsa.

"Akwai ɗalibata da digirinta kacokan a kan maganar nan yake. Tana can tana jirana, ta ma gayyato iyayenta daga ƙauye don ranar kare bincikenta."