Ta Shiga, Baba Tanko

Ku mutanen Ƙofar Ruwa, duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a tsohon filinmu na gindin ganuwa ya san inda Baba Tanko baduku yake zama. Bayan raga. Ba gefen fili ba, inda ake da inuwar darbejiya da masu rake. Can bayan gola, shi kaɗai, a kan 'yar kujerarsa ta tsugunno, basilla a hannu yana ɗinke fasasshiyar ƙwallo. Kuma ba wasan yake kallo ba, gola yake kallo. Ana can ɗaya ragar ana ihu, shi idonsa na kan ƙafafun wanda ke tsaye a gabansa ba ya komai.

Ni ne Lawan mai faci, wanda ya tsare wa unguwa raga shekara shida. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Na ɗauki alhakin tsohon nan, ya tafi ban sauke ba. Ranar sadakar bakwai na so in faɗa a gabanku, bakina ya ƙi, shi ne na ce bari in gwada da biro. Amma mu fara da dariya, don shi ma da ita zai fara.

Kun tuna Ado Jirgi, golan da ya riga ni? Mutumin da ke tashi sama kamar an harba shi da danƙo. Wata rana ya yi wani tsalle ya doke ƙwallo da yatsa biyu, fili ya kaure da tafi. Ya miƙe yana kakkaɓe ƙura, ya waiwayo.

"Baba, ka gani?"

"Na gani. Sifili."

"Haba Baba! Sifili fa?"

"Me ya kai ka wancan turken na raga da har sai ka yi fiffike ka dawo? Da ka tsaya inda ya kamata, a ƙirji za ta same ka. Kai ba kamu ka yi ba, makara ka yi, mutane suka tafa wa makararka."

A satin kuma wani gola ya zo daga Dawanau, baƙi siriri, har aka tashi bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Baba ya bi shi har bakin titi ya ɓara masa goro.

"Yau na ga gola."

"Baba, ai ban yi komai ba."

"Shi ya sa. Tun da aka busa usur bakinka bai rufu ba, kana jera 'yan bayanka kamar mai jera tukwane. Da baki ka tare su. Waɗancan sakarkarun ba za su gani ba."

Yadda ya zaɓe ni kuwa, har yau ana tsokanata da shi. Da Ado ya tafi Legas, mu biyar muka fito neman gurbinsa. Muna jiran a kawo ƙwallo, sai Baba ya zaro tumatir daga aljihu, nunanne luguf. Ya ce wanda ya cafe shi bai fashe ba, shi ne gola. Ni ya fara jefa wa. Na bi shi da hannu a hankali, ya kwanta a tafina lafiya. Sai ya ce an gama.

"Baba, mu fa?" in ji sauran.

"Ku in ba ku ku fasa min? Kawo nan, Lawan, miya za a yi da shi."

Gidan kallo ma sai da aka hana shi shiga na wata guda. Wata Asabar da rana, kafin a fara wasan Turai, mai gidan yana canza tasha ya faɗa kan wani wasan Amurkawa: ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo, ɗaya ya kai mata duka da kulki, wani kuma yana tsugunne a baya da ƙarfe a fuska da ƙatuwar safar hannu yana cafewa. Kowa ya ce a wuce. Baba ya yi wuf ya ƙwace rimot ya cusa a aljihun 'yar-shara.

"Ku tsaya! Ku dubi mai tsugunnon nan!"

"Baba, an kusa take wasa!"

"Ku dubi wuyan hannunsa, jama'a. Ƙwallon ta ɗan kauce, ya karɓe ta a natse ya lanƙwaso ta ciki, alƙalin da ke bayansa ya ce daidai ce. Kun gani? Ya sake! Bai motsa kafaɗa ba, bai motsa kai ba. Wallahi wannan ɗan'uwana ne."

Ko sunan wasan bai sani ba, bai kuma san wa ke cin wa ba. Sai da mutum uku suka riƙe shi aka ciro rimot ɗin. Yana fita yana cewa duk gidan babu mai ido. Daga ranar, in gola ya yi kamu mai tsabta, sai ka ji daga baya: "Mai tsugunno!" Yabonsa mafi girma ke nan, kuma ni sau biyu kacal na samu.

Abin da ya gani a talabijin ɗin, dama shi yake koya min. Ragarmu suna ce kawai: turaku biyu, ba sanda a sama, layin kuma da toka ake ja. Ko ƙwallo ta yi sama da yawa, ko ta wuce ta waje, duk idon rafli ne, shi kuma rafli gola yake kallo. Baba ya ce in ta zo sama da kaina da kyau, kada in yi tsalle. Tsallen ne zai nuna ana iya kamo ta, a ce ta shiga. In tsaya cak, in bi ta da ido kamar tsuntsu ne ya wuce. In za ta goga turke ta waje, kada in faɗi. In na kama a kan layi, hannu a gaba, jiki a baya, kada in fizga.

"Wadda ke kan iyaka taka ce, in ka iya kamu," in ji shi. "Wadda ta wuce kuwa ta mutane ce. Ka ɗauko musu abarsu ka miƙa."

To, ga inda dariyar ta ƙare min.

Wasan ƙarshe na kofin unguwanni, mu da 'yan Ɗan Agundi, muna da ɗaya suna nema, saura kaɗan a tashi. Aka bugo kwana, aka yi cakwakiya, ƙwallo ta zille ta ƙarƙashin hammatata. Na juya na faɗa a kanta. Ta wuce tokar, ta wuce da kusan taki guda. Na jawo ta da gwiwar hannu, na share layin da ƙirjina, na miƙe a natse kamar yadda aka koya min. Rafli, wani malamin firamare, yana can nesa. 'Yan Ɗan Agundi suka yanyame shi. Kyaftin ɗinsu ya ce a tambayi tsohon da ke baya, ai a gabansa aka yi. Mutanenmu har da murna, tunda Baba namu ne.

Rafli ya ƙaraso ya ce, "Baba, don Allah me ka gani?"

Bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. "Ta shiga." Ya ja zare. "Amma kamun ya yi kyau."

Ni kuma, a gaban jama'a, na ɗaga yatsa sama na rantse da Allah ba ta shiga ba. Na ƙara da cewa tsohon nan ai ba ya gani, ko zare sai an zura masa. Ƙarya ce, a lokacin ya fi ni ido. Rafli ya ga matashi ya rantse, tsoho bai rantse ba, ya ce a ci gaba da wasa. Muka ɗauki kofi, aka zaga da ni a kafaɗa har ƙofar gidan mai unguwa.

Da na dawo ɗaukar takalmina, fili ya watse, yana naɗe kayansa. Ya ce, "Lawan, hannu na koya maka. Ban koya maka ka sa sunan Allah a ciki ba." Na ɗauki takalmina na tafi. Daga ranar ban sake gaishe shi ba, shekara goma sha biyu.

Kun san sauran, don da ku aka yi. Aka ce ya ci amanar unguwa. Aka daina kai masa ƙwallo ɗinki. Yara suka riƙa binsa suna "Ta shiga! Ta shiga!" har ya zama sunansa, har akwai matasa yanzu da ba su san shi da wani suna ba sai Baba Ta-Shiga. Bai taɓa musu ba, bai kuma daina zuwa fili ba. Ina tsaron raga yana bayana, taku huɗu tsakaninmu, ba mai ce wa wani uffan. Wani lokaci in na yi kamu mai kyau nakan ji ya yi gyaran murya, shi ke nan. Daga baya Iya Abu matarsa ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aure a Gusau, aka yanka filin aka yi shaguna. Idon da na yi wa ƙarya ya zo ya tafi da gaske. Kullum sai na wuce shi a zaurensa in zan tafi wurin faci, in sauya gefen titi, kamar makaho zai gan ni.

Watan jiya aka ce min jikinsa ya yi tsanani. Na shiga da hantsi, na same shi kwance a kan tabarma, ba kowa sai rediyo. Na yi sallama na durƙusa. Ya lalubo hannuna, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Lawan ne."

"Ni ne, Baba."

"Kai, hannun nan ya lalace! Me kake kamawa yanzu?"

"Taya, Baba."

"To ita ma zagayayya ce." Ya yi dariya har da tari. Amma bai saki hannun ba. Na san abin da yake jira, kalma biyu ce. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko yana cin abinci. Ya ce yana taɓawa. Na ce zan dawo gobe. Da goben ta zo aiki ya yi yawa, jibi na ce sai Juma'a. Ranar Alhamis aka yi masa sutura.

Don haka ku ji, mutanen Ƙofar Ruwa, ku kuma isar wa 'yan Ɗan Agundi da malamin da ya busa wasan in yana raye: ta shiga. Rantsuwar ƙarya na yi. Baba Tanko ya gani daidai, ya faɗi daidai, shi kaɗai a cikin fili guda. Kofin yana kan kabad a gidan mai unguwa, na roƙa a ba ni in kai wa 'yan Ɗan Agundi da ƙafata. Wanda ya taɓa kiransa da sunan nan, ni na sa shi, alhakin a wuyana yake.

Ya Allah, bawanka Tanko ya daɗe zaune shi kaɗai. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da abokan zama na gari. Ni kuma ka yafe min, ka sa shi ma ya yafe. Amin.