Jar Goɗiya da Sirdi Mai Ƙaho

Na haura hamsin kafin na taɓa sa ƙafata a likkafa. A Jidda aka haife ni, a unguwar Sa'alaba, a gidan da kakana ya zauna bayan ya sauke farali bai koma ba. Dawakan da na sani su ne waɗanda ake ɗora yara a kansu a bakin teku ranar Idi.

Shekarar da aka tashe mu daga unguwar, kowa ya kama gabansa. Maƙwabcin da muke sahu ɗaya da shi kullum asuba ya koma Makka, wasu har yau ban san inda suka faɗa ba. Matata ta rasu tun kafin nan, 'yata tilo kuma tana aure a Madina. Na kama gida a unguwar Safa, nan Jidda, hawa na uku. Gini ne mai tsabta, amma in ka haɗu da mutum a matakala sallama ce kawai, kowa idonsa a kan waya. Sai in daɗe ban furta kalmar Hausa ba. In na kira Madina, jikokina suna jin abin da nake faɗa, amma da Larabci suke amsa mini.

A Khumra nake aiki, ina kula da fitar motoci a wani sito na kayan abinci. Ana tashi bayan la'asar. Da yake ba mai jirana a gida, sai na riƙa yawo da mota kudu, bayan inda gine-gine suka ƙare. Wata rana na tsaya kusa da wani shingen ƙarfe. A ciki wani tsoho ne a kan jar goɗiya, da malafa mai faɗi a kansa, hannu ɗaya a cinya, ɗayan riƙe da linzami sako-sako. Goɗiyar tana juyawa a wuri ɗaya kamar ba mai sarrafa ta. Can ta ɗan yi gardama, sai na ji ya ce, "Ke, natsu mana." Na kashe mota na fito.

Bahaushen Sudan ne. Ya ce ya daɗe yana aiki da wani Ba'amurke da ya kawo irin wannan hawan, na makiyayan ƙasarsu. Da Ba'amurken ya tafi, mai bargar ya bar masa koyarwa. Tun ranar na fara ce masa Baba. Ya ce in ba hawa zan yi ba, in daina tsaya masa a shinge ina ɗauke wa dawaki hankali. Ni kuwa maganarsa nake son ji, don haka na ce zan hau.

Sirdin ya fi ƙarfin abin da na zata. Fata ce mai kauri, da wani ƙaho a gaba inda makiyaya ke ɗaure igiya, likkafun kuma dogaye har ƙafa ta kusan miƙewa. Kafin in koyi ɗaga shi in ɗora a bayan goɗiyar ba tare da na buge ta ba, kafaɗata ta sha wuya. Da na hau, ƙahon nan na damƙe da hannu biyu. Baba ya zo ya ɓamɓare yatsuna, ya ce wannan ba mariƙin tsoro ba ne.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sakin linzami. A wannan hawan ba a jan bakin doki. In kana son hagu, ka jingina igiyar a dama da wuyanta, ka matsa da ƙafa, ita ta san sauran. In tsayawa kake so, ka zauna sosai cikin sirdin, ka sauke numfashi. Ni kuwa hannuna ya saba da sitiyari. Duk sanda na ja, goɗiyar ta ɗaga kai ta kwantar da kunne, Baba daga tsakiyar fili ya ce, "Sake ta." Ashe shi ma ba mai yawan magana ba ne. Wani yammacin abin da zan samu daga bakinsa ke nan, sai "yalla" da "halas". Duk da haka ina komawa Safa da ciwon cinya da warin doki a riga, in yi barci mai nauyi.

Ranar Juma'a da sassafe mukan fita jeji, shi a gaba, ni a baya. Mu bi ta tsakanin tarin tayoyi da karnukan da ba su da masu su, mu fita fili mai gishiri-gishiri, iskar teku tana kaɗowa. A nan ya koya mini barin goɗiya ta zaɓi inda za ta sa kofato, da jingina baya in za a gangara. Sau ɗaya wata leda ta taso, goɗiyar ta yi tutsu, na tsinci kaina a ƙasa. Ta yi nisa kaɗan ta tsaya tana kallona. Baba bai sauko ba. Ya jira na karkaɗe jikina, sannan ya tambaya ko zan hau ko in bi su da ƙafa.

Da zafi ya fara sauƙi ya gaya mini masu dawakai na yankin suna yin gasa tsakaninsu, kuma ya sa ni a ta masu koyo. Ba tsere ba ne. Za ka buɗe ƙofa ka shiga ka rufe kana kan doki, ka tsallake itatuwa a jere, ka hau gadar katako, ka ja da baya tsakanin sanduna biyu ba ka taɓa ko ɗaya ba. Ƙofar ce ta fi cin ranmu. Ko in saki ƙyauren, ko goɗiyar ta matsa kafin in sa sakata. Gadar kuwa ba ta son ƙarar da take yi a ƙarƙashinta. Baba ya ce in ta tsaya kada in dame ta, in bar ta ta sunkuya ta shinshina.

Na kira 'yata na gaya mata. Ta yi dariya, ta ce in Allah ya yarda za su zo. Daga baya ta ce yara na jarrabawa.

Ana saura kaɗan gasar, na iso na tarar Baba zaune a kan buhun dusa, ba malafa, da farar jallabiya. Ya ce matarsa ba lafiya a can Sudan, yaƙi ya raba su da garinsu, tana gidan 'yan'uwa a bakin teku, kuma ya samu jirgin ruwa. Na tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce ya riga ya gaya wa kafili, ubangidansa, ba sai an sabunta masa iƙama, takardar zama, ba.

"Baba, to gasar fa?"

"Kai za ka hau, ba ni ba," ya ce. "Ka dai bar hannun nan naka ya huta."

Ni na kai shi tashar jirgin. A hanya sai da ya nuna mini inda zan juya, alhali na fi shi sanin garin.

Ranar gasar fili ya cika da iyalai, da kujeru da shayi. Yawancin masu koyon sa'o'in 'yata ne ko ƙasa da haka, iyayensu na ɗaukar su hoto. Ni na ɗaura sirdi da kaina, na duba majayi, na jira aka kira ni. Ƙofar ta tafi daidai, ban san yadda aka yi ba. A bakin gada goɗiyar ta tsaya cik. Hannuna ya fara ƙaiƙayin ja. Na sauke shi a wuyanta. Ta shinshina katakon, ta busa hanci, ta hau. Wajen ja da baya ne na yi gaggawa, muka ture sanda ɗaya. Ban shiga sahun waɗanda aka ba kyauta ba. Da na fito na duba shingen ko da wanda zan ɗaga wa hannu, sai na wuce wajen famfo na wanke mata gumi.

A mota na yi wa Baba saƙon murya mai tsawo, na zayyana masa komai, har sandar. Saƙon ya daɗe bai shiga ba. Kullum in na tashi daga aiki sai na duba. Mai bargar ya kawo wani matashi mai koyarwa, mutumin kirki, na ci gaba da hawa a wurinsa. Jejin Juma'a kuwa ni kaɗai nake fita.

Sai bayan azumi amsa ta zo, gajeriya, da kukan akuya a bayanta. Ya ce matarsa ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Bai ce komai a kan gasar ba. Ya ce in gaya wa yaran bargar su duba kofaton goɗiyar na gaba na hagu, yakan tsage in zafi ya shigo, su riƙa shafa masa mai.

Washegari na je na ɗaga ƙafar da kaina. Ya fara tsagewa kuwa. Na nemo man na shafa, na aika masa hoto. Wannan bai shiga ba har yanzu.