Ƙarfen da Na Hana a Haɗa

Kawuna farfesa ne a jami'a, aikinsa nazarin yadda ƙarfe ke lanƙwasa da yadda yake karyewa. A gidansa nake hutun sakandare, ni ce mai goge teburin da yake jera guntayen ƙarafa. Wata rana ya yi ta lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke, ya ce mini ƙarfe ma yana gajiya. Doka ɗaya ya kafa mini: in ƙarfe ya karye, kada a goga bakunan da juna, don a nan ake gane abin da ya karya shi.

Bayan aurena, a wani rani da tumatirinmu ya fara fure a gefen Kadawa, sandar da ke juya fankar injin ban-ruwa ta karye a hannun maigidana. Injin nasu ne shi da yayansa. Yaya ya shigo tsakar gida da guntayen biyu, ya ce ganganci ne, ko an gyara ƙanensa ba zai sake taɓa injin ba. Maigidana mutum ne mai kunya, sai ya sunkuyar da kai. Gonarmu kuwa in ta yi kwana uku ba ruwa, ta tafi.

Na ga Yaya zai haɗa bakunan.

"Yaya, don Allah kada ka haɗa su."

"Ikon Allah! Amarya, yaushe kika zama makanike?"

"Ban zama ba. Amma ba za a ɗora masa laifin da bai yi ba ina tsaye."

Na yi bismillah na karɓa. Fiye da rabin bakin ya yi santsi da duhu, da layi-layi irin wanda ruwa ke bari a bangon kwata in ya janye. Ɗan gefe kaɗai ke ƙyalli. Na ce, "Wannan duhun tsohuwar tsaga ce, ta daɗe tana ci. Mai ƙyallin nan ne kawai na yau."

Yaya ya ce in ba shi ya kai wa mai walda. Na ce sai Kawu ya gani, na tura masa hoto. Kafin la'asar muryarsa ta shigo: "Gajiya ce, ta yi watanni. Ku sake sanda, ban da walda. Wa ya hana a goga su? Ya kyauta."

Sau biyu Yaya ya saurara. Bai ba da haƙuri ba, ni ma ban janye ko kalma ɗaya ba. Da aka ɗaura sabuwar sanda, ya leƙo zaure ya ce wa ƙanensa, "Kai za ka fara, tumatirinka ya fi jin ƙishi."

Guntayen suna nan a ƙasan akwatina, kowanne da tsummansa.